Rabon Ruwa a Kwamfutar Malam

Ina tsakar gida wajen hantsi, ina baza shinkafar da na turara, sai na ji sallamar Yaya, wan mijina, daga soro. Na amsa na ce ya shigo. Bai shigo ba. Ya sake sallama, ya ce a turo masa Inna. Inna ita ce mahaifiyarsu, tare muke zaune. Ta fita tana gyara mayafi, ni kuma na ci gaba da jan shinkafa da hannu a kan tabarma. Ban ji abin da ya faɗa mata ba. Salatinta na ji, na kuma ji ta maimaita shi, da wata murya da ban san tana da ita ba.

Mota ce ta buge babur ɗin mijina a kan titin Zariya, ya tafi Kano sayen iri. Malam nake ce masa. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Shinkafar nan kwana biyu ta yi a waje, sai maƙwabta ne suka kwashe ta.

Gonakin unguwarmu a jere suke a bakin wani ƙaramin kanal da ya ɓalle daga babban kanal na wajen Kura. Mutum ashirin da shida ke ban ruwa daga cikinsa. Waɗanda gonakinsu ke kusa da ƙofar ƙarfen da ake buɗe ruwa, 'yan ƙofa ake ce musu, gidan su Malam yana cikinsu. Na can nesa su ne 'yan ƙarshe. Gonar mahaifina ita ce ta ƙarshen duka, bayanta sai burtalin da shanu ke bi. Da sanyi ruwa yana isar kowa. Idan bazara ta kama, kanal ya ja baya, dole a yi rabo: wane ranar kaza, daga asuba zuwa hantsi, tiyon jan ruwa kaza.

A da cikin littafin makaranta ake rubuta rabon. A bazarar da ta gabaci rasuwar Malam aka iske an goge wata rana a littafin an rubuta wata. Kwana biyar ruwa bai kai gonar Baba ba. Ya tashi ya bi kanal zuwa sama yana zare tiyon mutane yana jefarwa. Wani ɗan baffan Malam ya sauke masa ƙotar fartanya a ka. Sai da aka yi masa ɗinki. Tun daga ranar gidajen nan biyu ba sa haɗuwa sai a jana'iza, ni kuwa ina cikin ɗaya, an haife ni a ɗayan.

Malam shi ne magatakardan ƙungiyar manoman, don ya gama sakandare. Wani shiri na taimakon manoma ya ba shi kwamfuta irin ta ɗorawa a cinya, wadda aka riga aka yi aiki da ita a wani wuri. A lokacin ko wayar hannu ba ta daɗe da shigowa garinmu ba. Dattawa suka ce a cikinta za a rubuta sabon rabo, don ita ba a lasar yatsa a goge ta. Na tambayi Malam ko gaskiya ne ba a iya canza abin da ke ciki. Ya yi murmushi ya ce, "Ana iyawa mana. Amma tunda sun yarda ba a taɓawa, ni ma ba zan taɓa ba."

Gida-gida ya riƙa bi. Sai ya zauna da mutum a gaban shaidu biyu, sun daidaita a kan rana da lokaci, sannan ya dawo ya shigar. Ni aji uku na ƙaramar sakandare na tsaya, amma ya koya mini kunna ta da inda takardar take. Wani lokaci yana cin abinci yana faɗa, ina dannawa da yatsa ɗaya, yana yi mini tsiya wai kamar kaza na tsintar tsaba.

Kamar sati uku kafin rasuwarsa wani madanni ya maƙale, ya kai ta Kano. Mai gyaran ya gyara madannin, sannan ya ce tsarin da ke tafiyar da ita ya tsufa, an daina yayinsa, bari ya ɗora masa sabo. Malam ya dawo yana murna. Fuskarta ta canza, komai yana sheƙi kamar an wanke gilashi. Har Inna ya kira ta zo ta gani.

Murnar ba ta kwana uku ba. Fankar da ke cikinta, wadda da ba a jin ta, ta fara kuka ba tsayawa. Ƙasanta ya riƙa zafi har Malam ya daina ɗora ta a cinya. Sai ana cikin aiki ta ɗauke da kanta, ba sallama. Ya ce tsohuwar na'ura ce aka ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta. Ya so ya mayar a sauke sabon a dawo da tsohon, amma mai gyaran ya ce masa garin yin haka ana iya share duk abin da ke ciki. Sai ya ce a bari a karanta rabon tukuna.

Bayan addu'ar bakwai Yaya ya zo ya tsuguna a ƙofar ɗakina, ina daga ciki a kan tabarmar takaba. Ya yi mini ta'aziyya kamar bai yi ba a baya, ya daɗe yana wasa da yashi, sannan ya ce, "Maman yara, ruwa ya fara ja. Dattawa sun sa Juma'a mai zuwa a karanta abin nan. Ke kaɗai kika san hanyarta."

Na ce, "Yaya, ba ta da lafiya. Mutuwa take yi. Bari in riƙa kwafa a takarda kaɗan-kaɗan, in ba ku."

Ya ce, "Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ni na yarda da ke. Amma ke 'yar waye? Rubutun hannunki ba zai wuce soron nan ba. Sai sun gani a jikinta."

Na ce ko a kai ta Kano a duba. Ya ce idan ta bar gidan nan a hannunsa, 'yan ƙarshe za su ce ya je an canza, idan a hannun ɗan ƙarshe, su ma haka za su ce. Dattawa sun ce ta zauna a ɗakin mai takaba, inda ba mai shiga ba mai fita.

Washegari na ciro ta daga jaka. Ban iya ajiye ta a ƙasa ba, abin Malam ne, hannunsa na ƙarshe yana kanta. Na ɗauko matashin kansa na ɗora ta a kai, na kunna. Fanka ta tashi da kuka nan take. Na zauna ina kallon abin nan mai sheƙi yana juyawa, yana juyawa, kafin ma takardar ta buɗe fuskar ta yi baƙi. Na danna, ba ta amsa ba. Na sake dannawa. Na taɓa ƙasanta na janye hannu, kamar na taɓa dutsen guga. Matashin ma ya ɗauki zafi. Na ce shi ke nan na kashe ta, kuma a ɗakina ta mutu, ɗakin 'yar mutumin ƙarshe.

Inna ta same ni a haka. Ta sa bayan hannunta a jikin kwamfutar kamar yadda take yi wa jikokinta.

"Zazzaɓi ne da ita," in ji ta. "Ke kuma kin kwantar da ita a kan auduga. 'Yar nan, mai zazzaɓi ake lulluɓewa da bazara?"

"Inna, ina zan sa ta?"

"Duk gidan nan babu inda ya kai gindin randa sanyi. Kyanwa ma ta sani, je ki ga inda take kwance."

Washegari da asuba, bayan na yi salla, na kori kyanwar, na jera bulo biyu a kan yashin nan mai laima, na ɗora ta yadda ƙasanta ba ya taɓa komai. Na yi bisimilla na danna. Ta kama. Na sa goshina a jikin randar na daɗe ban ɗago ba.

A nan takan yi kamar tsawon dama koko a sha, sannan ta ɗauke. Rabin lokacin a buɗewa yake tafiya. Na fara karantawa daga sama, don in tabbata komai yana nan. Sunaye ne a jere yadda gonaki suke, daga ƙofa zuwa ƙarshe, a gaban kowane suna rana da lokaci da yawan tiyo. Karatuna ba shi da sauri, kuma nakan tsaya a layukan da na san Malam ne ya rubuta da kansa. Rana ta farko na kai na tara. Rana ta biyu na kai na sha takwas. Kullum ina ganin kamar ta fi jiya saurin zafi, kullum ina tsoron ko wannan kunnawar ce ta ƙarshe, na cinye wa mutane ita.

A rana ta uku na gangara har ƙasa. Na ga sunan Baba, na ashirin da shida. A gabansa babu rana, babu lokaci, babu komai.

Na yi ta kallon wurin ko idona ne. Na matsa gefe, na dawo. Fari fat. Sai na tuna. Malam bai taɓa zama a tabarma ɗaya da Baba ba tun da aka ɗaura mana aure. Idan ya hango shi a hanya, sauka yake daga babur ya tsuguna, kansa a ƙasa har sai ya wuce. Mutum ashirin da biyar ya iya zama da su ya ja, su ja, amma ba zai iya buɗe baki ya yi ciniki da surukinsa a kan ruwa ba. Ya taɓa ce mini, "Ki je gida ki jiyo mini ta bakin Baba, wace rana yake so." Na ce sai na gama turara shinkafar da ke gabana, masu ita suna jira. Ya sake tuna mini sau ɗaya. Na ce gobe. Daga nan bai ƙara magana ba, ni kuma na ɗauka ya aika wani.

Kwamfutar ta ɗauke ina zaune. Ban ma ji zafinta ba a ranar.

Ranar Laraba Baba ya zo duba ni. Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Wannan ce shigarsa gidan ta biyu tun da aka fasa masa kai, ta farkon ranar jana'iza. Ya zauna a bakin ƙofa, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Tabon yana nan, gashi bai fito a wurin ba.

"Uwata, kina cin abinci kuwa?"

"Ina ci, Baba."

"Ƙarya kike, ga wuyanki nan." Ya juya hular. "Yaron nan bai zo wurina ba, kin sani. Ya je wurin kowa ban da ni. Ban ji haushi ba, kunya ce, ɗan mutunci ne. Na faɗa wa mutanenmu, duk abin da ya rubuta mini na karɓa, ko da tsakar rana ne. Ba zai bar ni ba."

Na ce, "Haka ne."

"Amma akwai masu cewa da gangan ne. Wai gidansu ne suka hana shi, an gama rabo ba da ni ba. Na ce su jira Juma'a." Ya mayar da hular kansa. "Idan aka karanta aka tsallake ni, Uwata, ba ni kaɗai aka tsallake ba. Mu bakwai ne a can ƙasa, kuma bana ba wanda zai tsaya a buge shi."

Ya sa mini albarka ya tafi. A ranar na ji daga bakin mata masu zuwa gaisuwa cewa wasu 'yan ƙarshe sun ce daga gona za su wuce masallaci, daga masallaci su wuce taron, ba za su biya gida su ajiye kayan aiki ba.

Na rasa wanda zan faɗa wa. Idan na gaya wa Yaya, na ba 'yan ƙofa labari kafin mahaifina. Idan na gaya wa Baba, to da me zan tabbatar masa kunya ce ba gangan ba? Inna kuwa ɗanta ta binne, ban ga fuskar da zan ƙara mata wani abu ba.

Da asubar Alhamis na koma gindin randa. Na kunna, na gangara kai tsaye zuwa ƙasa, na sa alamar nan mai ƙiftawa a gaban sunan Baba. Duk garin nan ni kaɗai na san ana iya rubutawa a wurin. Kalma biyar ko shida ne kawai. Asabar, azahar zuwa la'asar, tiyo uku. Ba wanda zai bambanta nawa da nasa, ita ba ta da rubutun hannu. Amma ban san ko Asabar ɗin an riga an ba wani ba, sunayen sun yi mini yawa in riƙe a ka. Idan na rubuta ya ci karo da na wani, an kama Malam da ƙarya yana kabari. Idan bai ci karo ba, na sa masa maganar da bai faɗa ba, mutane su ce amin a kanta.

Fanka tana kuka. Zafi ya fara tasowa ta tsakanin madannai yana taɓa tafin hannuna. Na danna harafi ɗaya. Na gan shi ya fito, baƙi, a gaban sunan mahaifina. Na nemi madannin gogewa na danna, a daidai lokacin fuskar ta mutu. Ban ga ko ya gogu ba.

Na jira ta huce, na sake gwadawa, ta ƙi. Rana ta riga ta ɗaga. Na mayar da ita jaka. Yinin nan duka ban san abin da ke gaban sunan Baba ba, ko fari, ko harafina guda a tsaye, wanda duk mai ido zai san ba haka Malam yake barin aiki ba.

An sa taron bayan sallar Juma'a, don lokacin ne ake samun kowa. Lokacin ne kuma rana ta fi zafi. Soronmu rufin kwano ne. Na aika wa Yaya cewa a bari sai asuba, a zo gindin randa. Ya ce maza ashirin da wani abu ba za su shiga cikin gidan da ake takaba ba, kuma in aka ɗaga, za a ce wani abu ake ɓoyewa.

Aka shimfiɗa mini tabarma a bayan ƙofar soro ta ciki, aka saki labule. Ina jin su, ba na ganinsu sai ƙafafu. Na ga takalman roba da taɓon gona, na ga bakin fartanya biyu an jingina da bango. Wanda zai karanta shi ne hedimastan firamarenmu, don ba shi da gona a layin. Yaya ya tayar da ƙaramin janareta a waje ya jawo waya. Na miƙa kwamfutar ta ƙarƙashin labule, na ce a ɗora ta a kan bulo, don zafi take yi.

Wani daga cikin 'yan ƙofa ya ce, "Zafi? Ai wannan ba matsala ba ce. A jiƙo buhu. Injin ban ruwana idan ya yi zafi buhu nake jiƙawa in ɗora masa, shekara shida ke nan."

Wani ya ce, "Shi ya sa yake tari irin naka."

"Tarin nasa ya fi naka injin da ke kwance tun bara."

Aka yi dariya, har da 'yan ƙarshe. Ita ce dariya ta farko da na ji gidajen nan sun yi tare. Na ce daga bayan labule, "Yaya, Malam bai taɓa kusanta ta da ruwa ba."

"Ba a kanta za a sa ba, Maman yara, a ƙarƙashi ne. A matse shi sosai."

"Ku bar mata da aikin inji," in ji mai buhun. Ya ce wa Yaya, "Ninka shi biyu, ka ɗan naɗo gefen nan da iskar zafin ke fita."

Na ji ɗigar ruwa a kan daɓe. Na san gefen da yake nufi, ta nan take numfashi. Ban ƙara magana ba. Na sha tambayar kaina dalili. Wani lokaci in ce kunyar maza ce, ga ni cikin takaba. Wani lokaci ba na ce wa kaina komai.

Na gaya wa hedimasta inda zai danna. Ta kama. Soron ya yi tsit, sai ƙarar janareta daga waje da kukan fanka. Aka daɗe kafin takardar ta buɗe, wani ya ce ko barci take, aka ce ya yi shiru. Sai hedimasta ya gyara murya ya fara.

Ya kira suna na farko, ya faɗi rana da lokaci da tiyo. Mai sunan ya ce, "Haka ne, haka muka yi da shi, Allah Ya jiƙansa." Aka ce amin. Na biyu ma haka. Kowane suna sai an yi masa addu'a, ni kuwa ina lanƙwasa yatsu a cikin mayafi. Biyar. Takwas. A na goma sha ɗaya wani ya ce shi tiyo huɗu ya tuna, shaidunsa suka ce uku ne, aka ɗan ja, hedimasta ya ce ya zo ya gani da idonsa. Ya ce shi bai iya boko ba, amma tunda a ciki yake ya yarda.

Ban san abin da nake roƙo ba a lokacin. Idan ta mutu kafin a kai ƙasa, 'yan ƙarshe za su ce an shirya. Idan ta kai ƙasa, za a ga wurin Baba. Ina jin muryarsa can kusa da ƙofar waje yana cewa amin da ƙarfi fiye da kowa.

Sha biyar. Sha shida. Kukan fankar ya canza, ya koma kamar mai shaƙewa. Wani wari ya iso ni ta ƙarƙashin labule, irin na wayar wuta idan ta narke. Hedimasta ya ƙara sauri, ya daina jiran amin. Ya karanta na sha tara, wanda daga shi sai 'yan ƙarshe. Mai sunan bai gama cewa haka ne ba na ji wata 'yar ƙara, ƙas, fankar ta tsaya.

"Ta ɗauke," in ji hedimasta.

Aka zare buhun. Aka kawo mafici ana yi mata fifita. Aka jira, aka danna, na ce a cire waya a mayar, aka yi. Aka miƙo mini ita ta ƙarƙashin labule. Ƙasanta da laima, da zafi kuma. Na danna sau uku. Ko 'yar fitilar gefenta ba ta kama ba.

"Da ma mun sani!" Muryar wani ɗan ƙarshe ce. "An gama na masu gida, an zo kanmu ta mutu. Wa ya kawo shawarar buhu? Ɗan ina ne?"

"Kai, iya bakinka! Ni na ce ta mutu?"

Na ga ƙafafu suna miƙewa. Na ga hannu ya sauko ya ɗauki ɗaya daga cikin fartanyun nan, ƙarfenta ya goga bango. Yaya yana cewa a ji tsoron Allah, gidan rasuwa ne, ba mai jin sa. Inna ta fito daga ɗaki ta tsaya a bayana, ta kama kafaɗata ta matse.

Sai na ji Baba. Bai ɗaga murya sosai ba, amma an san shi, aka lafa.

"Uwata, kina ji na?"

"Ina ji, Baba."

"Ke kin buɗe abin nan, kin gani da idonki. Ki faɗa a gaban mutane. Sunana yana ciki?"

Na ce, "Yana ciki, Baba. Na ashirin da shida."

Na jira tambaya ta gaba. Na san idan ya yi ta ba zan iya yi masa ƙarya ba a gaban Inna da mutanen nan.

"To kun ji," in ji shi. "Yaron nan bai tsallake kowa ba. Ajiye wannan fartanyar, kai, ba gona muke ba. Malam hedimasta, duba abin da ka karanta, ka faɗa mana lokutan da ba a ambata ba. Namu ne mu bakwai. Mu za mu raba a tsakaninmu, ba sai da inji ba."

Hedimasta ya riƙa tambayar mutum sha taran nan ɗaya bayan ɗaya yana rubutawa, ya fitar da abin da ya rage. Bai kai yadda 'yan ƙarshe suka so ba, an yi gunaguni, amma aka watse kafin la'asar ba wanda ya taɓa wani. Inna ce ta ɗaga ni daga tabarmar.

Ba a zubar da jini a bazarar nan ba. Ruwan bai isa ba, kusan rabin masarar Baba ta ƙone. Bai bi kanal zuwa sama ba. Ya riƙa ce wa mutane rabonsa mai kyau yana nan a ciki, zafi ne ya rufe shi.

Bayan na fita takaba na ji abubuwa da dama. Na ji akwai wani ɗan abu kamar yatsa da ake sokawa a gefenta a kwashe takarda cikin ƙiftawar ido. Na ji kuma ko ta ƙone, a Kano ana iya ciro ɓangaren da ke riƙe rubutu, a buɗe shi a wata, a ga komai yadda aka bar shi. Sau biyu Yaya ya ce in kawo ya kai. Na ce sai na shirya.

An sake sabon rabo tun tuni, a littafi, hedimasta ne ke riƙe da shi. Baba ya tsufa, ƙannena ke masa noma. Amma duk bazara idan na je gaishe shi sai ya ce, "Uwata, yaushe za a kai abin nan a gyara ne? Ina so in ji ranar da yaron nan ya ba ni kafin in bi shi."

Kwamfutar tana cikin jakarta a ƙarƙashin gadona. Ban kai ta gyara ba, ban kuma gaya wa Baba abin da na gani a gaban sunansa ba.